Giacomo Ciamician (1857-1922): Malamin da Ya Shanya Kwalabe a Rana

Tarihin magabata da aka saba kawowa a wannan mujalla galibi na marubuta ne da mawaƙa da sarakuna. A wannan fitowa za mu ɗan ratse, mu leƙa ƙasar Italiya, mu duba rayuwar wani shehin malamin kimiyyar sinadarai mai suna Giacomo Ciamician. Kada rubutun sunan ya razana mai karatu. Abin da Italiyawa ke rubutawa da ci a nan, shi ne sautin da Bahaushe ke rubutawa da harafin c, don haka da a ƙa'idar rubutun Hausa za a sa sunan, da Jakomo Camican za a rubuta.

Dalilin zaɓen sa shi ne wannan. Ban da farantin sola mai nauyi da muka saba gani a kan rufin gidaje, wanda ake yi da silikon, akwai wani nau'in da masana suka daɗe suna fama da shi. Shi wannan, sinadarai masu kabon ake narkawa a mai da su kamar tawada, a shafa a kan leda, idan suka bushe sai su riƙa mayar da hasken rana wutar lantarki. Ciamician bai ƙera wannan faranti ba, bai ma gan shi ba, domin ya rasu shekara 73 kafin a yi irinsa na farko mai ƙwari. Amma shi ne ya shafe shekara da shekaru yana zuba narkakkun sinadarai masu kabon a kwalabe, yana ajiye su a rana, yana rubuta abin da haske ya yi musu. Abin da ya gani a kwalaben nan ya ƙunshi amfanin wannan faranti, ya kuma ƙunshi cutar da ke kashe shi.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi a watan Agusta na 1857 a birnin Trieste, a bakin tekun Adiriyatik. Yanzu Trieste cikin Italiya take, amma a wancan zamani ita ce babbar tashar jiragen ruwa ta daular Ostiriya. Zuriyarsu Armeniyawa ne da suka zauna a garin. Ya iya Italiyanci da Jamusanci, kuma da dukkan harsunan biyu ya yi rubuce-rubucensa na ilimi.

Da ya gama sakandare sai ya tafi Biyana, babban birnin daular. A can bai tsaya ga fanni ɗaya ba. Ya yi rubutu a kan wasu ƙananan halittun teku, ya kuma yi bincike a kan launukan hasken da sinadarai ke fitarwa idan aka gasa su, inda ya lura cewa waɗanda suke dangi ɗaya haskensu ma yakan yi kama da juna. Ke nan tun yana saurayi haske ya fara ɗaukar hankalinsa. Digirinsa na dakta kuwa a Jami'ar Giessen ta Jamus ya karɓe shi, a 1880.

Tun a Biyana, tare da malaminsa Hugo Weidel, ya shiga binciken wani baƙin mai, mai ɗoyi, da ake samu idan aka gasa ƙasusuwan dabbobi. Cikin wannan mai akwai sinadarin da ake kira firol. Sunan daga kalmar Girkanci mai nufin ja ya samo asali, saboda yakan mayar da tsinken itace ja idan aka jiƙa tsinken da asid. Ƙwayar firol zobe ce mai kusurwa biyar, huɗu na kabon, ɗaya na naitirojin. A ido ba ta kai ta kawo ba, amma ita ce tubalin da aka gina sinadarin da ke sa ganye kore da shi, da wanda ke sa jini ja. Hatta shunin da marina ke samu daga baba yana ɗauke da wannan zobe a jikinsa. Mai karatu ya riƙe wannan zobe a ransa, don za mu sake cin karo da shi.

A 1880 ɗin ya koma birnin Rum ya zama mataimakin Stanislao Cannizzaro, wanda a lokacin shi ne uban masana sinadarai na Italiya. Shekara guda bayan haka, shi da wani Bajamushe mai suna Max Dennstedt suka gano hanyar faɗaɗa zoben firol daga kusurwa biyar zuwa shida, hanyar da har yanzu ake kira da sunayensu a littattafan koyarwa. A Rum ne kuma ya haɗu da Paul Silber, shi ma Bajamushe, wanda ya zama abokin aikinsa na fiye da shekara 30. Tare suka fito da wani maganin wanke ciwo daga firol da aidin, wanda aka sayar a kasuwa da sunan Iodol. Aikin firol ya jawo masa babbar kyautar majalisar masana ta Lincei a 1887. A shekarar ya zama farfesa a Padova, sannan a 1889 ya koma Jami'ar Bolonya, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Barandar Bolonya

Da a nan tarihin ya tsaya, da masana firol kaɗai za su riƙa tuna shi. Abin da ya fito da shi daban ya faro ne tun 1886 a Rum, lokacin da ya narka wani rawayan sinadari mai suna kwinon a cikin alkohol, ya rufe kwalbar, ya bar ta a rana na wasu watanni. Da ya buɗe sai ya tarar kwinon ɗin ya ƙwaci haidirojin daga alkohol ya rikiɗe ya zama wani sinadari dabam. Ba a hura wuta ba, ba a zuba asid ba. Haske kaɗai ya yi aikin.

Bai duƙufa a kan wannan fanni sosai ba sai wajen 1900, kuma daga nan shi da Silber suka yi ta yi har yaƙin duniya na farko ya raba su. A wancan lokaci ba su da fitilar da za ta ba su haske mai ƙarfin da suke so, to rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Sai suka mai da barandar ginin sashensu ɗakin gwaje-gwaje. Akwai tsohon hoton da ya shahara, inda ake ganin malamin a tsaye cikin kwalabe da bututun gilashi, wasu a jere kan katanga, wasu a rataye, kamar mai shanyar kuɓewa a kan soro. Kowace kwalba da abin da ke cikinta. Wata za ta yi mako, wata watanni, wata shekara guda cur. Sukan kuma ajiye irin haɗin a cikin duhu, domin su tabbatar haske ne ya kawo canjin, ba zafi ko daɗewa ba. Bayan duk wannan jira sai aikin Silber ya taso, wato rarrabe abin da ya fito da gano ko mene ne, ba tare da ko ɗaya daga cikin na'urorin da ɗalibin kimiyya na yau ke dogaro da su ba. A ganina rabin yabon da ake yi wa Ciamician na Silber ne, sai dai shi Silber ba ya hawa mumbari, kuma duniya ta fi riƙe sunan mai magana.

Sun buga gomomin maƙalu a kan abin da suka gani. Za mu ɗauki biyu kawai, saboda su ne za su dawo mana a ƙarshe. Na farko, sun ga cewa idan akwai iskar oksijin a cikin kwalbar, haske yakan taimaka mata ta ci sinadarin. Alal misali, toluwin, wanda ruwa ne da ake narka fenti da shi, yakan koma asid a hankali. Na biyu shi ne gwajin 1908 da suka yi da karvon, sinadarin da ke ba wani nau'in na'a-na'a ƙanshinsa (kada a rikita shi da kabon). A jikin ƙwayar karvon akwai wurare biyu inda ƙwayoyin kabon suka riƙe juna da hannu bibbiyu. Bayan shekara guda a rana, sai aka tarar kowane ɓangare ya saki hannu ɗaya ya kama na ɗaya ɓangaren, aka sami sabon zobe mai kusurwa huɗu, ƙwayar ta naɗe ta zama wani abu mai kama da kafur. Zafin wuta ba ya yin wannan ɗauri cikin sauƙi. Sai a 1957 aka tabbatar da siffar abin da suka samu, kuma sai a 1965 Woodward da Hoffmann suka kawo ƙa'idar da ta bayyana abin da ya sa haske ke iya abin da wuta ta kasa.

Me ya sa mutum zai ba da ƙarfin shekarunsa ga aikin da ke tafiyar hawainiya haka? Amsar tana cikin yadda yake kallon tsirrai. A wata lacca da ya yi wa ƙungiyar masana sinadarai ta Faransa a birnin Faris a 1908, ya nuna cewa masanin sinadarai da ƙarfin tuwo yake aiki, da wuta mai tsanani da magunguna masu ci, alhali ganyen bishiya yana haɗa abubuwan da suka fi nasa wuya a cikin ruwa, a zafin da jiki ke iya ɗauka, da iska da hasken rana kawai. Wannan gwaninta ta ganye ita yake so ya koya. Shi ya sa ma ya yi shekaru tare da Ciro Ravenna suna yi wa tsirrai allurar sinadarai, irin su masara da wake, suna duba yadda tsiron zai sarrafa abin da aka ɗura masa.

Laccar Niyok

A watan Satumba na 1912 aka yi babban taron masana sinadarai na duniya karo na takwas a Amurka, aka gayyaci Ciamician ya yi ɗaya daga cikin manyan laccoci a birnin Niyok. Mujallar Science ta buga ta a cikin watan. Ya kamata mu tuna irin zamanin. Kwal ne ke tuƙa jirgin ƙasa da na ruwa, shi ke juya injinan masaƙu, kuma daga baƙin mansa ake fitar da rini da magunguna. Wannan baƙin mai shi ne asalin kalmar kwalta da muka aro daga Ingilishi. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, wanda ya durƙusar da noman baba a Indiya. A nan gida ma, a 1909 ne aka gano kwal a Udi, kusa da inda Inugu take yanzu. A irin wannan lokaci ne mutumin ya tashi gaban manyan masu masana'antu ya ce musu arzikin da suke taƙama da shi ajiya ce mai ƙarewa.

Hujjarsa mai sauƙi ce. Kwal hasken rana ne da tsirran dauri suka tara, ƙasa ta binne. Mai ƙona kwal gado yake ci, alhali ranar da ta tara gadon tana nan tana fitowa kullum. Sai ya kawo lissafi. Kwal ɗin da Turai da Amurka ke haƙowa a shekara ya kai kimanin tan miliyan 1,100. Hamadar Sahara kuwa, wadda ya ƙiyasta faɗinta a kan murabba'in kilomita miliyan 6, zafin ranar da ke sauka a kanta a yini guda ya yi daidai da kwal tan miliyan 6,000. Wato yini ɗaya na Sahara ya fi haƙar shekara biyar. Ya ma rage wa hamadar girma, don faɗinta na gaskiya ya kai wajen miliyan 9.

Daga nan ya zana hoton gaba. Ya hango busassun ƙasashe cike da masana'antu marasa hayaƙi, da gine-ginen gilashi, da bututun gilashi a shimfiɗe a fili kamar daji, ana yin aikin da ganye ke yi amma da sauri fiye da na ganye. Ya ambaci batura masu aiki da haske, ya yi maganar rini da ke canza launi gwargwadon hasken wuri, har ya yi raha cewa mata za su sa tufafin da launinsu zai riƙa bin ɗakin da suka shiga. Ya rufe da cewa ko kwal ya ƙare wata rana, ci gaban ɗan Adam ba zai tsaya ba muddin rana na fitowa.

Akwai wurin da ɗan Afirka zai karanta laccar ya ɗan yamutsa fuska. Ciamician ya yi maganar ƙasashe masu zafi a matsayin wuraren da wayewa za ta je ta mamaye, kamar babu kowa a cikinsu sai rana da yashi. Lokacin da yake wannan magana, sojojin ƙasarsa suna yaƙin ƙwace Tarabulus, garin da fataken Kano suka daɗe da sani ta hanyar Agadas da Gat, yaƙin da aka fara a 1911. Shi kuwa tun 1910 ɗan majalisar dattawan Italiya ne. Ya hango inda arzikin haske yake, amma tambayar wa zai mallake shi ba ta dame shi ba, kuma ita ce tambayar da ta fi shafar mu.

Yaƙi da rasuwa

Shekara biyu bayan laccar yaƙin duniya ya ɓarke. Silber ya koma Jamus, aikin baranda ya mutu. A 1915 Italiya ta shiga yaƙi da Ostiriya, wato daular da aka haifi Ciamician a cikinta. Da aka fara amfani da iskar guba a fagen fama, shi da wani masani mai suna Leone Pesci suka tsara wa sojojin Italiya abin rufe hanci da baki, na yadudduka da aka jiƙa da ruwan sinadari irin na kanwa. Yana tare iskar kulorin, amma ba ya tare fosjin. Ranar 29 ga Yuni 1916, a tudun San Michele, sojojin Ostiriya da Hangari suka saki haɗin iskokin biyu, dubban sojojin Italiya suka halaka ko suka jikkata, domin irin kariyar da ke hannunsu ba ta isa ba. Masu yabon sa sukan tsallake wannan babi, amma yana cikin tarihinsa.

An gabatar da sunansa don kyautar Nobel har sau tara, bai samu ba. Ya rasu a Bolonya ranar 2 ga Janairu 1922, yana da shekara 64. Sashen kimiyyar sinadarai na jami'ar yana ɗauke da sunansa. Laccar Niyok kuwa ta kwanta a ɗakunan karatu shekaru masu yawa, saboda man fetur mai araha ya zo ya ƙara wa kwal ƙarfi, ba wanda ya ga dalilin jiran rana.

Daga kwalba zuwa tawada

Da farantin sola mai amfani ya zo a 1954, daga ɗakunan binciken kamfanin Bell na Amurka, ba ta hanyar Ciamician ya biyo ba. Na silikon ne, yana mayar da kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa lantarki. Silikon kuwa ɗan wuta ne. Daga farin dutse ake fitar da shi a tanderun da zafinsa ke kusantar digiri 2,000, sannan a sake narka shi a sama da digiri 1,400 kafin a yanka shi falle-falle. Wannan shi ne ainihin ƙarfin tuwon da malamin ya yi kuka da shi a Faris.

Hanya mai taushi ta buɗe ne a 1977, lokacin da Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka nuna cewa akwai robar da za a iya sa ta ɗauki lantarki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. A 1986 Ching Tang na kamfanin Kodak ya jera sinadarai biyu masu kabon, ɗaya a kan ɗaya, ya sami kimanin kashi 1 cikin 100. Ɗaya daga cikinsu shuɗin rini ne da aka gina da zobba irin na firol, ɗan'uwan koren ganye. Sai dai Tang turara sinadaran ya yi a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, ba narka su ya yi ba, domin yawancin irin waɗannan abubuwa ba sa narkewa.

Duk wanda ya san marina ya san wannan matsala. Shuni ba ya narkewa a ruwa, sai an sa toka an bar shi ya ruƙa kafin zane ya sha. Masana sun yi tasu dabarar: suka liƙa wa ƙwayoyin robar wasu jeloli masu maiƙo a gefe, waɗanda ke sa ta narke a ruwaye irin su toluwin. Da abu ya narke kuwa, an sami tawada.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Idan haske ya bugi irin wannan roba, yakan ɗaga ƙwayar lantarki daga gurbinta, amma ba ta kuɓuta, tana nan maƙale da gurbin kamar akuya a turke. Ba ta tsinkewa sai ta isa iyakar da sinadari mai bayarwa ya haɗu da mai karɓa, kuma tafiyar da take iya yi kafin ƙarfinta ya ƙare ba ta wuce kimanin nanomita 10 ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Shi kuma shafen, kafin ya sha haske sosai, sai kaurinsa ya kai wajen nanomita 100, wanda duk da haka ya fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa. Ke nan a tsarin Tang na hawa biyu, yawancin hasken asara yake tafiya. Maganin ya fito a 1995 daga wurare biyu, Santa Barbara ta Amurka a ƙarƙashin Heeger, da Kambirij ta Ingila a ƙarƙashin Richard Friend: a zuba mai bayarwa da mai karɓa a kwalba ɗaya, a narka su tare, a shafa. Yayin da ruwan ke bushewa sai su biyun su ɗan rabu, su sarƙe cikin juna, ta yadda ko'ina akwai iyaka a kusa. Mai karɓan da mutanen Santa Barbara suka yi amfani da shi ƙwaya ce ta kabon 60 mai siffar ƙwallon ƙafa, wadda aka gano a 1985, aka kuma liƙa mata jela don ta narke.

Daga nan sana'ar ta koma kamar damun kunu. Idan haɗin ya yi gudaji manya, ƙwayar lantarki ba ta kai iyaka. Idan ya damu fiye da kima, babu hanyar da za ta bi ta fita zuwa waya. Abin da ke yanke hukunci shi ne irin ruwan da aka narka da shi, da saurin bushewarsa, da ɗan ɗumamawar da ake yi bayan shafe, wadda ba ta cika wuce digiri 150 ba. A 2001 masu bincike a Linz ta Ostiriya suka bar sinadaransu yadda suke, ruwan narkarwa kawai suka canza, daga toluwin zuwa kulorobenzin, sai amfanin ya kusa ninkawa uku, ya kai kashi 2.5 cikin 100. Da Ciamician da Silber suna raye, ina jin wannan sakamako ba zai ba su mamaki ba, don a kwalabensu ma ruwan narkarwa ba ɗan kallo ba ne.

Shafen kansa iri-iri ne. A ɗakin gwaji akan ɗiga tawadar a kan ɗan gilashi, a juya shi sau dubbai a minti guda, ta bazu ta bushe, amma yawancinta a gefe take fantsama. Don yin mai yawa akan ja tawadar da wuƙa mai faɗi, ko a matso ta ta wata siririyar tsaga a kan ledar da ke gudu daga wannan naɗi zuwa wancan, kamar yadda ake buga jarida. Ƙungiyar Frederik Krebs a ƙasar Denmak ta yi fice a wannan, har ta buga faranta a jikin ƙananan fitilun karatu aka gwada su a Zambiya a 2009. Kamfanin Konarka na Amurka, wanda aka kafa a 2001 don sayar da irin wannan leda, ya karye a 2012, a daidai lokacin da farashin silikon ke faɗuwa warwas. Binciken bai tsaya ba. A 2019 wata ƙungiya a birnin Changsha na ƙasar Sin ta fito da sabon mai karɓa da ake kira Y6, wanda ya kai kashi 15.7 cikin 100, kuma zuwa 2024 ƙananan faranta na ɗakin gwaji sun taɓa kashi 20. A tsakiyar ƙwayar Y6 akwai zobban firol guda biyu. Saboda kulorobenzin da danginsa guba ne, ana neman madadinsu daga tsirrai, kuma a farkon shekarun 2020 masu bincike a wata jami'ar kimiyya ta Saudiyya sun nuna ana iya narka tawadar da haɗin da ya ƙunshi man ɓawon lemo ko na bishiyar turare.

Abin da ya hana wannan leda kama kasuwa shi ne gajeren rai. Mai sayen farantin silikon akan ba shi tabbacin shekara 25, na tawada kuwa bai kai nan ba tukuna, kuma dalilan suna cikin maƙalun Bolonya. Sinadarin da ke shan haske sosai, haske na iya canza shi. Idan iskar oksijin ko danshi ya sami ƙofa, hasken da ake so ya ba da lantarki shi ke taimaka wa iskar ta ci robar ta koɗe, kamar yadda toluwin ya koma asid a baranda. Don haka dole a rufe shafen ruf tsakanin gilashi ko leda ta musamman da iska ba ta ratsawa, kuma wannan rufi yana cinye wani kaso mai yawa na arahar da aka fito nema. Ko an tare iskar ma, an gano cewa a farantan da aka yi da ƙwallon kabon 60, haske yakan sa ƙwallaye biyu maƙwabta su kama juna, lantarkin da farantin ke bayarwa ya ragu tun a kwanakinsa na farko. Ɗaurin da ke haɗa ƙwallayen zobe ne mai kusurwa huɗu, irin wanda Ciamician da Silber suka samu a kwalbar karvon a 1908.